Yadda Na Kai Kaza Duba Fuloti A Bakin Teku

Ranar da abin ya faru mu shida ne a wurin, in har za a sa kaza cikin mutane, ni kuwa sai an sa ta. Akwai ni, Tabawa ta Mahuta, matar marigayi Malam Sule mai auduga. Akwai ɗana na fari, wanda bakina ba zai kama sunansa ba ko a takarda, ku dai ce Baban Ummi. Akwai matarsa Rakiya. Akwai Alhaji Mudi dillalin filaye, mai turaren da ke riga shi isa wuri. Akwai Injiniya Bose, wadda za ku ji yadda muka kwashe da ita. Ta shida ita ce kazata wake-wake.

Tun da na dawo matan unguwa ba su bar tabarmata ta huta ba. Wannan ta ce, "Gwaggo, da gaske ba a hango ƙarshen teku?" Waccan ta ce, "Gwaggo, wai an mare ki?" Ba a mare ni ba, hannu aka buge mini, kuma za mu zo wurin. Bakina ya gaji, gorona ya ƙare, shi ya sa na zaunar da Malama Asabe ta makarantar Islamiyya ta rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Ni ban taɓa shiga aji ba. In ta ƙara gishiri, ita da Allah.

Mafarin tafiyar gona ce, gonar bakin rafi da Malam ya bar mana. Baban Ummi ya daɗe yana sayar da albasa a wani gari na bakin teku gaba da Kwatano, garin da sunansa ya fi ƙarfin harshena. Ana tsakiyar damina ya kira ni a waya, wai ya ga wuri. Wai wani tsohon kamfani ne a bakin ruwa aka rushe, za a yanka filaye a gina gidaje da kasuwa, wanda ya riga shi ya ci. A sayar da gona bayan kaka, in ji shi, ya sayi fuloti ya gina gida da shago. Ƙannensa suka ce abin da Inna ta ce shi ke nan.

Na ce, "Ban ce i ba, ban ce a'a ba. A gidan nan ba a sayen ƙasa sai tsoho ya tona ta."

Wannan awon daga wurin surukina na gada. Ka tona rami har gwiwar hannu. Ka duba ko akwai tana. Ka shaƙi ƙasar, ka ɗora kaɗan a harshe. Sannan ka saki kaza ka ga ko za ta yi tono. Ƙasar da tana ta ƙi, kaza ta ƙi, ɗan Adam ba shi da abin nema a cikinta.

Ya ce, "Inna, gida fa zan gina, ba dawa zan shuka ba."

Na ce, "Jikokina za ka shuka. Turo kuɗin mota."

Na ɗaura kayana: ɗan magirbi a cikin zane, kaza a kwando, da jarkata mai jan murfi cike da ruwan rijiyarmu, don ni ba na shan ruwan da ban san uwarsa ba. Ku riƙe maganar jarkar nan.

Ɗan acaɓa ya kai ni Dandume, ƙaramar mota ta kai ni Funtua, daga nan muka shiga doguwar motar Ikko. Kujerar kusa da ni wata 'yar kasuwa ce Inyamura, mai shagon kwanuka a Funtua. Da ta ga kwandon ta ce a sa shi a bayan mota. Na ce in za a kai kazar nan baya sai a haɗa da ni. Muka yi ta hararar juna har Zariya. Muna wuce Kaduna sai kazar ta yi ƙwai. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ce rabonta ne tunda a kan ƙafarta aka yi naƙudar. Na ba ta. Daga nan muka zama aminai, ta ba ni gyaɗa, na ba ta ƙuli-ƙuli, ta nuna mini inda ake tsayawa a yi alwala ba tare da an taka abin da ba a so ba.

Wani mai magani ya shigo a hanya da kwalba ɗaya, wai tana maganin basir da ciwon baya da mantuwa. Da ya sauka sai ya manta jakarsa, yaron mota ya bi shi da gudu.

Ikko kam ba gari ba ne, kasuwa ce da aka manta ba a tashe ta ba. Kowa gudu yake kamar ya bar tuwo a wuta. Ka yi wa mutum sallama, kafin ka kai ga tambayar gajiya ya sha kwana. A tasha Baban Ummi ya tarye ni. Ya durƙusa ya gaishe ni, idonsa na kan kwandon.

"Inna, da gaske kike?"

Na kalli gefe na ce, "Ɗauki jarkar, ka bar mini kazar."

A boda aka duba takarduna aka buga hatimi. Wani ma'aikaci, ɗan wajen Gwambe ne daga jin bakinsa, ya leƙa kwandon ya ce, "Hajiya, wannan fa? Tsaraba ce?"

Na ce, "Aiki za ta je."

"Wane aiki?"

"Duba fili."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga injiniya mai fuka-fuki. Suka sha dariyarsu, ya ce in ta gama kwangilar ta biyo ta gaishe shi. Baban Ummi kuwa ya yi kamar bai san ni ba, wanda dama tsakanina da shi haka ya dace.

Ƙetaren boda kuɗi suka canja, magana ta canja. Mata na tuƙa babur da jariri a baya da kwandon kifi a gaba, ba mai ko waiwaye. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin titi, mai tuyan ƙosai na gefe da wutarta. Na ce wa Rakiya mutanen nan ko dai sun fi mu tawakkali ko sun fi mu gajiya da duniya.

Masaukina ɗakin Rakiya ne a zango. Gado ta ba ni, na ce a shimfiɗa mini tabarma, don katifar ta yi laushi kamar alkawarin dillali. Iskar garin ɗanya ce, ka shanya zane da safe, la'asar ya fi yadda ka shanya shi jiƙa. Abincinsu wani farin tuwo ne mai tsami a naɗe cikin ganye, da kifi da barkonon da ya sa na tuna zunubaina. Aka kawo mini wani ƙwaro mai ƙafa goma a miya, wai kaguwa, wai girmamawa ce. Na ce a mayar wa mai shi, ni ba na cin abin da ke tafiya a kaikaice. Jikokina kuwa sun yi ɓul-ɓul, Ummi har ta fara yi mini gyaran Hausa.

Na ga teku. Ruwa ne mai yawa, mai surutu, kuma ko kabewa ɗaya ba zai shayar ba. Abin da zan ce ke nan.

Kwana biyu da isowata Alhaji Mudi ya zo da mota ya ɗauke mu. Haifaffen zango ne, Hausarsa da santsi kamar an shafa mata man shanu. Tun a hanya ya fara: nan asibiti zai zauna, nan masallaci, nan kasuwar da za ta kashe ta Kwatano. Na tambaye shi da can me ake yi a wurin. Ya ce, "Ƙananan abubuwa ne, Hajiya, ajiyar mai da ɗan gyaran batir. An share tun tuni."

Wurin fili ne fetal a bakin ruwa, an baje farin yashi sabo kamar za a yi biki. Can gefe ragowar tankuna ne masu tsatsa da wani dogon bututun hayaƙi. Abin da idona ya fara kamawa shi ne abin da babu. Damina ce, amma ba ciyawar kirki. Ba tururuwa. Ba ko ƙadangare a kan tubalin da aka jibge.

Sai muka hango wasu mutane cikin fararen riguna tun daga kai har ƙafa, da takunkumi da safar hannu, sun kakkafa turaku sun ja igiyoyi kamar masu rabon gado. Fuskar Alhaji Mudi ta canja. Ya ce ai an gaya masa sai mako mai zuwa za su dawo, ba kome ba ne, 'yan cika takarda ne da hukuma ta turo, mu bi ta can ɓangaren.

Ni kuwa inda dillali ya ce kar a bi, nan nake bi. Na tambayi Baban Ummi turakun fulotinsa, ya nuna mini. Na kwance magirbina na durƙusa. Na ajiye kwandon na buɗe.

Yashin sama bai kai taki ɗaya ba. Ƙarƙashinsa ƙasa ce baƙa, mai danƙo, mai ƙyalli kamar bayan kwalta, da wari kamar na garejin makanikai. Tana kuwa ko gawarta babu. Kazata ta fito, ta yi tono sau biyu, ta karkata kai ta kalli ramin da ido ɗaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar wadda ta taka wuta, ta koma kwandonta ta kwanta.

Ɗaya daga cikin masu fararen rigar ta taho da sauri tana ɗaga hannu. Na ce wa Rakiya, "Ga wata fatalwa nan ta taso, ko likkafanin ba ta cire ba. Ki ce mata ta jira in gama." Na ɗebo ƙasar da yatsa biyu na nufi harshena.

Tas! Ta buge mini hannu.

Rabon da wani ya buge mini hannu tun uwata na da rai. Na miƙe ina neman kalmar da za ta dace da ita, sai fatalwar ta ja takunkuminta ƙasa ta ce, da Hausar da ta fi ta ɗana fita, "Gwaggo, mi kike shirin yi? Wallahi ki yi haƙuri, gara ki zage ni da ki haɗiyi wannan. Kuma likkafanin nan da shi nake cin abinci."

Rakiya ta toshe baki da mayafi. Na ce, "Ke 'yar wace ce?"

Ashe Bayarabiya ce haifaffiyar Funtua. Uwarta ta shekara da shekaru tana sayar da atamfa a kasuwa, ni kaina na san rumfar, har na taɓa yi mata ciniki muka rabu ba daɗi. Sunanta Bose. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni yadda ake gaisuwa, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen Mahuta. Na amsa a daƙile, don hannuna bai daina zafi ba.

Ta ce tunda na zo awo, in zo in ga nata. Suna da wani ƙarfe mai murɗawa da ke shiga ƙasa ya fito da ita hawa-hawa, ta sama daban, ta tsakiya daban, ta can ƙasa daban. Kowace a zuba a kwalba, a rubuta lambar turken da aka ciro ta, a sa cikin kula mai ƙanƙara kamar wani nama. Sun kuma kafa siraran bututai har inda ruwa yake. Ta zura wata 'yar guga ta jawo, ta ɗaga mini a rana. Mai ne kwance a kan ruwan, yana kala-kala kamar wuyan tattabara.

"Nan mutum zai haƙa rijiya," in ji ta.

Ta ɗauko wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara ta ɗora a kan baƙar ƙasar da na tono. Ta duba. Ta ce dalma ce, ta tsofaffin batura. Ba ta wari, ba ta ruɓewa, kuma ba manya ta fi so ba, yara ta fi so, masu wasa da ƙasa suna kai hannu baki. Ba ta kayar da yaro yau, sai dai ya taso kansa ba ya riƙe karatu.

Na kalli Rakiya. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Autanta a lokacin rarrafe yake, kuma kome ya samu baki.

Alhaji Mudi ya ce ai ba a fitar da sakamako ba tukuna. Bose ta ce gaskiya ne, sai kwalaben sun je ɗakin gwaji sun dawo, kuma ba ita ke yanke hukunci ba. Watakila a kwashe ƙasar a kai wani wuri, watakila a malale da kankare a yi wurin ajiye manyan motoci. "Amma yashin nan na sama, Alhaji, ba mu muka zuba ba. Kuma wancan zuwan da muka yi babu shi."

Na ce, "Alhaji, a garinmu in aka lulluɓe amarya haka, akan bar dangin ango su ɗaga mayafi." Ya ce yana da wani uzuri a cikin gari. Ya ja motarsa ya bar mu, da acaɓa muka koma gida daga baya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na dawo da kaina a sama. Amma kafin mu bar wurin Bose ta ce in wanke hannuna, ta miƙo ruwansu na roba. Na ce ina da nawa. Na jawo jarkata mai jan murfi, na wanke hannu, na kafa kai na sha, don su ga ruwan mutunci.

Ta karɓi jarkar ta juya ta. Ta nuna mini wani ɗan zane da ya koɗe a gindi, ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu.

"Gwaggo, wannan ta maganin ciyawa ce."

"Na sani. Sau uku na wanke ta da toka."

"Kin taɓa wanke tukunyar daddawa warin ya fita? To roba ta fi tukunya riƙo." Ta dube ni ba dariya. "Na san gida, Gwaggo. Ana feshi, a wanke abin feshin a rafi, a yar da wasu jarkokin a gefen gona, a kai wasu gida a zuba kunu. Yaushe rabonki da ganin tana a gonarki?"

Na ce kullum. Bakina ne ya faɗa, zuciyata kuwa ta tafi neman ranar ba ta dawo da ita ba.

Baban Ummi, da ya sha kunya a gaban matarsa, sai ya ga ƙofa. Ya ce, "Inna, fulotin nan na bar shi, kin yi gaskiya. Amma maganar gona ba ta mutu ba. Gonar nan ta gaji, sai an ɗura mata taki kamar majinyaci. In awonki gaskiya ne, a auna ta da shi. Rami biyar, a tsakiyarta, ba a bakin rafi ba. In kin sami tana, ba zan sake tayar da maganar ba har in mutu. In babu, ki sa albarka a sayar, in nemi wani wurin."

A gaban suruka, a gaban 'yar mai atamfa, me zan ce? Na ce na yarda.

Rakiya ta so a yanka kazar a yi mini guzuri. Na ce kazar da ta fi mijinki hankali ba a yanka ta. Jarkar kuwa Bose ta riƙe, ta huda gindinta a gabana, ta saya mini sabuwa. A boda ɗan Gwambe ya gane mu, ya ce, "Injiniya an dawo? Ya aikin?" Na ce fili bai ci jarrabawa ba. Bai san ni ma tawa na gaba ba.

La'asar na iso gida. Ina zagayawa bayan ɗaki sai idona ya faɗa kan makwarara inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Wurin nan in ka sa yatsa tana za ka ciro. Shaiɗan ya ce mini, Tabawa, ɗebi tana biyu a ƙullin zane ki kai gona, wa zai sani? Na ce masa ya koma wurin Alhaji Mudi, can ake zuba yashi a kan kunya.

Washegari da hantsi na ɗauki magirbi da kaza, na biya wa Malama Asabe da wayarta, ita ce shaida. Ta kira Baban Ummi ta yadda zai riƙa ganinmu. Muka shiga tsakiyar masara.

Ramin farko, babu. Na biyu, babu. Na uku, ƙasa ce kawai, shiru kamar gidan da aka tashi. Gonar da Malam ke sara ɗaya ya ga tana na mutsu-mutsu a bakin fartanya.

Na huɗu na tona inda Fulani suka kwana da shanu da rani. Na kai gwiwar hannu, na juyo wani curi, sai ga ta, siririya, ja, tana miƙa. Na buɗe baki zan ce Malama juyo da wayar. Kazar nan ta riga ni. Caf ɗaya, ta ɗaga wuya, ta haɗiye.

"Inna, me ya faru? Ni kaza kawai na gani."

"Tana ce!"

"Ina take?"

"Tana cikin injiniya."

Saura rami ɗaya. Na tona shi da duk ƙarfin da ya rage mini. Babu.

Baban Ummi ya ce, "Malama, ke kin gani?"

Malama Asabe, da ba ta ƙarya ko a kan kuɗin cefane, ta ce, "Tsakani da Allah, wutsiyar na gani tana shiga."

Sai na ji Rakiya ta fashe da dariya daga can, shi ma ya biye mata. Da ya tsagaita ya ce, "Shi ke nan, Inna. Gona ta tsira da wutsiya. Na rufe bakina."

Ban yi guɗa ba. Tana ɗaya a rami biyar ba abin guɗa ba ne. Na mayar da ƙasar kowane rami na danne, na gangara bakin rafi na tsince jarkokin da muka zubar da hannunmu, har sai da zanena ya cika. Wanda zai yi mini feshi bana ya san inda zai wanke kayansa, kuma shanun Fulani sun sami masauki da rani kyauta.

Na dawo na zauna a ƙofar gida da ƙusa da dutse ina huda gindin jarkokin ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, wai Gwaggo a ba mu labarin teku. Na ce labari na nan, amma ba kyauta ba ne. Ta je ta juye kunun 'ya'yanta a ƙwarya, ta kawo mini tata jarkar mai jan murfi tukuna.